Baturiya, Cilakowa da Butar Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har shekarun 'ya'yana sai an tuna mini, amma ranar da wata Baturiya ta tsare mana makewayi saboda tsuntsu, wannan kam da ita za a binne ni.

Zamanin Turawa ne, ina aure a wani ƙauye kusa da Dandamisa, da 'ya'yana biyu. Maigidana ya tafi da jakuna kai mazarƙwaila kasuwa, sai ni da surukaina a gida. Surukina dattijo ne mai tsare gida, irin wanda in ya yi gyaran murya kaji ma sai sun nutsu. Shekara shida ina gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zai wuce sai in durƙusa in ce, "Sannu Baba," ya ce, "Uhm." Hirarmu ta ranar ta ƙare ke nan.

A bayan ɗakunanmu akwai wata tsohuwar ɗinya da ta yi rumfa a kan makewayi, inda masai yake, an kewaye shi da zana. A jikin ɗinyar akwai kogo, a bazarar nan kuwa cilakowa ta shiga ciki ta yi ƙwai. Ga wanda bai san halinta ba, macen ce ke shiga kogo a liƙe bakin da laka, a bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa kawo mata fara da ƙananan ƙadangaru yana miƙa mata. Kullum ina daka ina kallonsu. Nakan ce a raina ga 'yar'uwata mai kulle, sai dai ita mijinta na yin cefane sau ashirin a rana, ba ya kuma mita.

To, Baturen gona ya zo rangadin duba rake, ya sauka a barikin Makarfi da matarsa. Ita matar ba ta da aikin da ya wuce bin tsuntsaye da madubin hangen nesa da akwatin ɗaukar hoto. Wani mai dogon baki ya ba tafintansu labarin cilakowarmu. Ran nan da hantsi sai muka ji sallama, ga dagaci, ga tafinta, ga Baturiya, ga rabin gari a bayansu.

Abin da ba su sani ba shi ne, kwana uku cikin Baba a ɗaure yake, tun naman wani suna da ya ci ba tausayi. A ranar, bayan sallar asuba, surukata Inna ta dafa masa filasko, ganyen wankin ciki, ya shanye ƙwarya guda. Inna kuwa hannunta da nauyi, ko gishiri za ta zuba.

Ina raɓe a bayan zaure na ji tafinta na cewa, "Malam, uwargidan Bature ce ke son shiga bayan gidanka."

Baba ya ce, "To, a ba ta buta mana."

Da ƙyar aka fahimtar da shi cewa hoton tsuntsu za ta ɗauka. Ya ce, "Zai daɗe?"

"Haba Malam, ɗaukar hoto ai ƙiftawar ido ce."

Ya yarda, tunda mace ce, kuma ga dagaci. Maza suka zauna a zaure, ita ta shigo ita kaɗai, doguwa, da faffaɗar malafa da ƙwauri jajaye a waje. Ta kafa akwatinta a kan wasu ƙafafu uku, daidai saitin ƙofar makewayi, don nan ne ake ganin kogon da kyau. Hausarta kalma uku ce: sannu, kawo, shiru. Ta ɗora yatsa a baki ta ce, "Shiru." Nan da nan muka kife kaji a akurki, muka ja awaki can gefe muka zuba musu harawa, Inna ta shige ɗaki da yara. Gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Hantsi ya wuce, rana ta fara cizo. Namijin cilakowar na can kan ɗorawar bayan katanga da fara a baki, yana karkata kai yana leƙenmu, ya ƙi matsowa.

Zuwan Baba na farko, ya shigo da buta cikin natsuwa. Ya ga idon akwatin na kallon inda za shi. Baturiya ta kaɗa masa hannu ta ce, "Shiru." Ya juya kamar dama alwala ya zo yi.

Zuwa na biyu, hularsa ta jiƙe. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya yi ƙasa da murya. "Ba ta gama ba?"

"Tsuntsun bai zo ba, Malam."

"Wai wane irin filasko kika dafa mini?"

"Wanda ka ce in ƙara."

Mai karatu zai ce don me bai tafi wani wuri ba. Ina zai je? Ƙofar gida cike take da jama'a, bazara ce, gonaki fetal, ko kara ɗaya babu da zai ɓoye ɗan akuya balle dattijo da babbar riga. Maƙwabcinmu ɗaya ne, shi kuma shekara biyu ba sa magana da Baba saboda wata tunkiya da ta ci wake. Inna ta aika a kira tafinta gefe a raɗa masa, ya ce shi Turancinsa bai kai nan ba, kuma yana son aikinsa.

Ni kuwa tun hantsi na san matsalar. Tsuntsun nan ya saba da gidan da ake daka, kaji na kuka, Inna na faɗa da yara. Shirun ne ya tsorata shi, yana ganin an yi masa tarko. Amma wace ce ni da zan buɗe baki? A lokacin ko hular ɗan doka muka hango sai mu shige ɗaki, balle matar Bature da kanta. Ga kuma kunyar suruki, don in na yi magana na nuna na san halin da yake ciki ke nan. Sai na zauna a gindin rumbu ina ta tsince gero mai tsabta.

Zuwa na uku ne ya karya mini zuciya. Baba ya zo ya jingina goshinsa da rumbun, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Sai ya sunkuyo ya dube ni. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido, kuma ban ga surukin da nake tsoro ba. Wani bawan Allah na gani da ruwa ya kusa cinye shi.

Na miƙe na mirgino turmi, na juye geron, na ɗaga taɓarya na sauke.

Baturiya ta zabura. "Shiru. Shiru."

Na ce, "Uwargida, ki yi haƙuri, shirun nan ne ya hana shi zuwa." Ba ta gane ko kalma ɗaya ba, ni kuma ban fasa ba. Har luguden da nake yi in ina nishaɗi na yi, ina jefa taɓarya ina tafi. Inna ta gane nufina, ta ɗage akurki, ta saki yara, ta fara yi musu masifa ba laifin komai. Fuskar Baturiya ta haɗe, ta taso ta nufo ni. Na ce a raina yau a gidan yari zan kwana.

Sai muka ji fuka-fuki. Namijin cilakowar ya sauka a bakin kogon da fararsa, kamar an aike shi. Na nuna mata da haɓa. Ta koma da gudu ta duƙa a bayan akwatinta.

A daidai nan haƙurin Baba ya ƙare. Ya tattare riga, ya ratsa tsakar gida da wata irin tafiya mai ƙananan taku da sauri, wadda ban taɓa ganin irinta ba kafin nan ko bayan nan. Akwati ya ce ƙyas, zana ta rufe. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, sai dai in ce tsuntsun ya tashi a firgice, bai dawo ba sai la'asar.

Baturiya ta tsaya ƙiƙam. Ta dubi zanar, ta dubi ni, ta dubi Inna. A hankali na ga ta gane inda ta wuni tana gadi. Fuskarta ta yi ja har kunnuwa. Ta naɗe kayanta da sauri, amma ta ga bai kamata ta fita ba sallama ba, sai ta juya wajen zanar ta ce, "Sannu."

Daga ciki Baba ya amsa da muryarsa ta dattako, "Yauwa. A gaida Bature."

Bayan kamar wata guda aka aiko da hoton ta hannun dagaci, shi kuma ya buɗe shi a zaurenmu gaban mutane. A sama ga cilakowa raɗau, har ƙafafun farar ana gani. A ƙasa ga wani abu fari ya gilma kamar guguwa, babu abin da ya fito sosai a jikinsa sai buta. An ce dagaci ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Baba ya duba ya ce shi bai ga kowa ba sai tsuntsu.

Da yamma ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Na durƙusa. Ya miƙo mini takardar a kife ya ce, "Yarinyar nan, sa wannan can ƙasan adudunki. In na mutu ki yi yadda kike so da shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da kin fara dakan nan tun hantsi."

Gaskiyarsa. Na san maganin abin tun farko, tsoro da kunya suka sa na zauna ina kallon dattijo na shan azaba rabin yini. Daga ranar na koyi cewa in ka san abin da zai fitar da mutum daga wahala, ka yi shi da wuri, ko wa zai ɓata rai. Na kuma daina rawar jiki a gaban manya. Ina girmama su yadda ya kamata, amma na riga na san kowannensu, komai girman rawaninsa, yana da ciki.