Ƙafar Baka ta Don Eleuterio

A filayen kiwo na Casanare, ko daga nesa ka hango Don Eleuterio Cachay yana tafe ka san shi ne, don kare na iya ratsa tsakanin gwiwoyinsa bai taɓa ko ɗaya ba. Da ƙafar baka aka haife shi, doki kuma ya ƙarasa aikin. Tun yana yaro yake bin shanu ba takalmi, babban yatsa kaɗai a cikin likkafa, yadda makiyayan wurin suke hawa. Mai hawa da takalmi kuwa baƙo ne a wurinsa, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Da ya haura saba'in sai gwiwar dama ta ce ba ta yi. Guringuntsi ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, har hawa dokinsa Turpial ya zama sai ya taka kututture yana tsine wa tsufa. 'Yarsa Nubia, mai shagon magani a garin Yopal, ta tasa shi gaba zuwa wurin likitar ƙashi. Ta riga ta share masa ɗaki a gidanta har da sabon gado. Ya ga gadon, ya gane nufinta shi ne ya tare a gari.

Likita Berrío ta ɗaga hoton ƙashin ta ce, "Don Eleuterio, gwiwar ƙarfen da za a sa maka dai ɗaya ce, yadda za a zaunar da ita ne iri biyu. Ko in miƙe ƙafar sambal daga ƙugu zuwa idon sawu, wadda ita ce hanyar da aka daɗe a kai, ko in mayar da ita yadda take kafin ciwon ya ci ta, da ɗan bakanta."

"A miƙe ta kawai, likita," in ji Nubia. "Ai ya gama da doki."

"Ke 'yar nan, ƙafarki aka kawo ko tawa?"

Likita ta danne dariya. "Masu miƙaƙƙiyar ma suna hawa, ka sani."

"Su hau abinsu. Cikin Turpial bai san irin tasu ba, tawa ya sani."

Likitar ta faɗa masa gaskiya: bakan da ciwo ya ƙara za ta cire, nasa na haihuwa ma ba duka za ta bari ba, kada ƙarfen ya ci gefe ɗaya, kuma ba ta yi masa alkawarin sirdi ba. Ya ce ya ji, a bar masa abin da zai baru.

Aka yi tiyata. Ya sha wuyar lanƙwasa gwiwar nan a gidan Nubia, yana gumi yana cije baki, bai taɓa tsallake motsa jiki ba, don likita ta ce ya riƙa tafiya kullum. Da ya jefar da sanda sai ya ce a kai shi gida ya ga dabbobinsa. Nubia ta tuƙa motar tun daga Yopal.

Sirdi na nan rataye a rumfa, amma turken ba doki, har ciyawa ta fito a wurin.

"Baba, na ba Don Hermógenes na ƙetaren fadama dokin," in ji Nubia. "Mama ta rasu. Ba zan zauna jiran ranar da za a kira ni a ce an tsince ka a cikin ciyawa ba."

Abin ya soke shi, ya kuma san tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Sai ya sunkuya a kan sabuwar gwiwar, ya cire takalman da ta saya masa, ya jera su a bakin rumfa, ya saɓa sirdin a kafaɗa.

"Baba, ina kuma za ka?"

"Likita ta ce in riƙa tafiya kullum," ya ce, ya nufi fadama.