Motar da Ta Fi Gwiwar Ghali Tsawo

Wai mutum ya ɗauki yashi ya kai wa sahara! Ghali ne ya yi wannan aika-aika, hunturunsa na farko a Doha. A gida ya saba in damina ta sauka ya jibga wa a-kori-kura buhunan yashi a baya don taya ta kama ƙasa cikin laka. Da kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya ce a kai kayan tanti cikin rairayi, sai gwanin ya loda buhu shida. Kamil, wani direba ɗan Sudan, ya ce masa, "Malam, nan iska ake rage wa taya, ba nauyi ake ƙara mata ba." Ghali ya ce tun Kamil na zanin goyo yake jan mota. Ba su yi nisa ba motar ta durƙusa kamar raƙumi. Da hannunsa ya zazzage buhunan, Kamil na kurɓar shayi yana yi wa sahara barka da samun ƙari.

Shekara goma sha uku ke nan. Ni a gidan 'yata Firdaus na san shi, a unguwar Old Airport, inda nake renon jika ita tana karatu. Duk Juma'a yakan taso daga unguwar Najma, daga ɗakin da suke cushe su shida, ya zo cin tuwo. Ya zauna da ƙyar, ya tashi da "wash". Na ce, "Ghali, gwiwar nan taka ta fi tsohon ƙyaure kuka." Ya ce, "Hajiya, bari kawai." 'Ya'ya huɗu ke makaranta a gida, kuma duk sitiyarin nan ne ke riƙe da su.

Bana ɗan kafil ya kai motar da Ghali ke ja gareji aka ɗaga ta sama, aka sa mata tayoyi kamar na tarakta, don ya burge abokai a tudun yashi. Matakala kuwa ya ce tana ɓata kwalliya. Sai Ghali ya kama ƙofa, ya kama sitiyari, ya yi bismilla sau biyu kafin ya kai kujera. Rannan ƙafa ta zame, ya faɗo zaune a ƙofar gida, a idon kafil.

Aka kira shi falo. Kafil ya ce ya tsufa, khalas, shi ke nan, za a kawo mai jini a jika, shi kuma ya haɗa kayansa. Ghali ya ce bai taɓa buge ko kyanwa ba. Kafil ya ce ya sani, amma direban da ba ya iya hawa mota fa?

Har yau dai Ghali ke jan ta, an ma yi mata waldar matakala, gwiwa kuwa tana nan da kukanta. Na tsare shi sai ya gaya mini abin da ya kashe bakin maigidan. Ya ajiye loma, ya yi ajiyar zuciya.

"Cewa na yi, ranka ya daɗe, tsawona na nan yadda ka ɗauke ni aiki. Motar ce ɗanka ya ƙara wa. In akwai wanda za a sallama, to tayoyin nan ne, su ne baƙi."