Na ce wa Inna Fanna saura kaɗan

Inna Fanna ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a madafa da ludayin koko a hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hassana, matar ɗanta, ita ta kira ni. Ta ce kwana huɗu Inna ta yi tana zazzaɓi, jiya bayan azahar rai ya yi halinsa, kafin magariba an kai ta.

Yawancinku ba ku san ta ba. Laifina ne da ba ku san ta ba. Ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo.

Waɗanda muke tare tun da daɗewa za ku tuna lokacin da na koma jami'a, bayan na yi shekaru ina karɓar haihuwa a matarnite, wato gidan likitan haihuwa. Binciken da na ɗauka don kammala karatun shi ne dalilin da ya sa matan ƙauye suke gwammace su haihu a gida, alhali ga gidan likita ba nisa. Aka tura ni wani ƙauye can gaba da Durum. Inna Fanna ce ungozomar garin. Rabin mutanen da ke kai da kawo a garin nan ita ta yanke musu cibiya.

Ranar farko na sauka da farar riga, da kaye, littafin rubutuna, da alƙalamin bik har uku a aljihu, ina ji da kaina. Gida biyar na shiga, amsa ɗaya na samu: "Lafiya lau, Madam. Ba komai, Madam." Wata ma tana hango ni ta faɗa ɗaki ta saki asabari.

Duk abin nan wata tsohuwa tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa tana kallona. Sai da ta ga na yi laushi sannan ta yafuto ni.

"Ke 'yar Birni, zo nan. Wa ya ce miki a tsaye ake tambayar mace cikinta?"

Ta sa na tuɓe farar rigar, ta ba ni zanenta na ɗaura, ta turo mini ƙwaryar gyaɗa. Ta ce, "Zauna ki ɓare. In suka ga kina aiki za su zo da kansu."

Suka kuwa zo.

Ƙa'idar bincike ce, ba a ɗaukar maganar mutum sai ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Da na fito da tawada sai matan suka fara ja da baya, wata har ta saɓa goyonta za ta tafi. Inna ta miƙo babban yatsanta, ta dangwala, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ga shi na fara. In ɗauri ne, da ni za a fara, ku kuma ku riƙa kai mini fura."

Aka yi ta dariya. Sai ta juyo gare ni, ba dariya a fuskarta.

"Amma da sharaɗi, 'yar Birni. Masu takarda sun sha zuwa garin nan. Su tambaye mu, su rubuta, su hau mota. Ko ɗaya bai taɓa dawowa ya ce ga abin da muka ji ba. Ke za ki dawo?"

Na ce wallahi zan dawo. A gaban matan garin na rantse. Ba ma alfarma ba ce, wajibi ne. Yana nan cikin takardar da jami'a ta amince mini da ita, cewa in an gama za a koma a faɗa wa mutane sakamako da harshensu. Da hannuna na rubuta wannan layin.

Inna ta dubi matan ta ce, "Kun dai ji. Ni na tsaya mata."

Sati shida na yi a ɗakinta. Ta bar mini gado ta koma tabarma, na yi magiya har na gaji. Da ta lura yaji yana damun cikina, sai ta riƙa dama mini furata daban. Ranar da na ce zan taya ta daka, ta karɓe taɓaryar bayan lugude uku, ta ce in bari kada in kashe mata turmi ya zama ita ce da asara.

In za mu shiga gida, ita ke gaba. Ta tura ni ɗaki wajen matar, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa ta tsare uwar miji da hirar gero da tsadar gishiri, don kada tsohuwar ta ji abin da surukarta ke faɗa mini. Wannan dabarar ba a koya mana ita a aji ba.

Abin da matan suka faɗa mini ba shi ne abin da muke faɗa a birni ba. Mu kullum cewa muke jahilci ne. Su kuwa suka ce a gida a durƙushe suke haihuwa, yadda iyayensu suka yi, amma a gidan likita sai a kwantar da mace rigingine kan tebur, ƙofa a buɗe, kowa na wucewa. Suka ce ungozomar da ta rako ka a bakin ƙofa ake tsayar da ita. Suka ce ba a ba su mabiyiya su je su binne a gida kamar yadda aka saba. Sai kuma tsawa.

Wata ta kwaikwayi abin da aka ce mata tana tsakiyar naƙuda: "Lokacin da kike ɗaukar cikin ni na aike ki?" Na sunkuyar da kai kamar ina rubutu. Ni kaina na taɓa faɗa wa wata haka, ba sau ɗaya ba.

Na dawo Damagaram na rubuta. Na tsaya gaban malamai na kare aikin, na ci, har da yabo. Wasunku kun zo walima, kun ga hotuna. Daga baya aka gayyace ni Yamai, na tsaya a wani babban zaure mai sanyi na zuba maganar matan nan da Faransanci, aka yi mini tafi.

A shafin godiya na gode wa maigidana, da malamaina, har da wanda ya ɗinke mini littafin. Inna kuwa ta shige cikin "matan ƙauyen". Na ce wa kaina ai doka ta hana a ambaci sunan waɗanda aka yi hira da su. Gaskiya ne. Amma ba dokar da ta hana in je in tambaye ta ko ta yarda in sa nata. Na san amsar da za ta ba ni, cewa za ta yi in rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ban koma ba.

Na ce bari damina ta wuce hanya ta gyaru. Na ce bari a sha ruwa. Sai aka ba ni shugabancin ɗakin haihuwa, sai ciki, sai goyo. Tafiyar fa ba ta kai awa biyu ba. Da shekara ta zagayo, ba aiki ne ya ƙara hana ni ba, kunya ce. Da wane ido zan kalle su? Sau biyu lambar Hassana ta shigo wayata, ina kallo har ta katse.

Abu ɗaya na yi, kuma ba don ku yaba nake faɗa ba, sai don ku gane abin da ke tafe. A ɗakin da nake shugabanta na sa labule. Na ce wadda take so ta durƙusa, a shimfiɗa mata abu mai tsabta ta durƙusa, in dai ba wata matsala. Wadda ta rako mai naƙuda ta wanke hannu ta shigo. Mabiyiya a naɗe a ba mai ita. Tsawa kuwa har yau muna fama, ni ce ta farko da nake kama bakina. Duk wannan daga tabarmar Inna na ɗauko shi.

Ganina da ita na ƙarshe bara ne, da hantsi, lokacin zafi. Naƙudar Hassana ta yi tsawo, Inna ta ga abin ya fi ƙarfin hannunta, ba ta tsaya gardama ba ta nemo mota. Ƙaramin gidan likitan da ke kusa da su ya turo su wajenmu. Na fito daga buro, ofishina, ke nan sai ga ni ga ta. Ba wurin ɓuya.

"'Yar Birni! Ashe nan kike. Kai, kin yi ƙiba!"

Ta rungume ni. Tana ƙanshin hayaƙi da man gyaɗa kamar kullum. Na tsaya ina jiran faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Muna tura Hassana ciki ta riƙo hannuna ta ce, "Ya karatun maganarmu? Kin gama?"

A lokacin shekara uku ke nan da gamawata. Littafin yana cikin kabad a burona, taku goma daga inda muke tsaye.

Na ce, "Saura kaɗan, Inna."

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Ai na faɗa musu! Kullum suna yi mini tsiya a bakin rijiya, wai 'yar taki ta bi sauran. Na ce ku yi mata haƙuri, karatun likita dogo ne. Allah ya sa ki ci, ɗiyata. Kullum kina cikin addu'ata."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Allah ya taimake mu, abin bai kai ga tiyata ba. Muka yi abin da ya dace, naƙuda ta miƙe, Hassana ta ce ita durƙusawa za ta yi. Inna na riƙe da kafaɗunta tana yi mata magana a kunne, ni na karɓi yarinyar. Da aka gama gyara su, wata abokiyar aikina ta naɗo mabiyiya ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

Inna ta karɓa. Ta dubi labulen, ta dubi shimfiɗar, ta dubi kanta tsaye a tsakiyar ɗakin da ba a taɓa barin ta shiga ba.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mutanen likitar nan sun yi hankali. Ko wa ya gaya musu?"

Ina bakin famfo ina wanke hannu. Amsar tana bakina. Amma in na faɗa, ƙaryar da na yi ɗazu ta tonu. Sai na yi 'yar dariya na ci gaba da cuɗa sabulu.

Washegari aka sallame su. Na ba ta kuɗin mota, ta ƙi karɓa, ta ce in sayi bik.

Yau da safe, bayan Hassana ta gama faɗa mini rasuwar, sai ta ce, "Madam, akwai saƙonki a ɗakinta. Kowace kaka Inna tana ware gyaɗa kwanon tiya biyu, ta ce ta walimarki ce ranar da kika ci. In sabuwa ta zo ta sauya. Tana kwance ma ta ce kada kowa ya taɓa. Ko kin gama yanzu?"

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Hassana, na gama tun shekara huɗu. Ranar da kika haihu ƙarya na yi mata."

Sai ta ce, "Ayya, Madam. Da ta ji, da ta yi guɗa."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Don Allah kada ku rubuto mini cewa ba laifina ba ne, ko ai kowa na yi. Na san da yawa muna yi. Ku ɗalibai da kuke zuwa wajena neman shawara kan bincikenku, kun sha ji ina cewa ku girmama mutanen da kuke tambaya. To ga malamar taku.

Gobe zan tafi, a yi sadakar uku da ni. Zan tafi da littafin. In an share makoki zan nemi izinin mai gari da na iyalinta, a shimfiɗa tabarma a inuwar rumbun nan, in faɗa wa matan abin da suka faɗa mini da abin da ya zama, da Hausa, ba farar riga. Amma kafin in buɗe shafi ko ɗaya sai na gaya musu cewa tsiyar da suka yi wa Inna a bakin rijiya tawa ce, ita ta ɗauka. In sun kore ni sun yi daidai.

Gyaɗar kuma zan roƙi Hassana a soya a raba sadaka. Ba ni da bakin cin ta.

Ya Allah, ga baiwarka Fanna ta zo gare ka. Ka san yawan rayukan da suka shigo duniya ta hannunta, Ka san yawan matan da ta rufa wa asiri. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓe ta da tausayin da ya fi wanda take karɓar jarirai da shi. Ka ba Hassana da sauran iyalinta haƙuri. Ni kuma Ka yafe mini rantsuwar da na yi da sunanka na saɓa.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mata addu'a, ya kuma ambaci sunanta, tunda ni ban rubuta shi a inda ya kamata ba. Sunanta Fanna.

Inna, kin tambaya wa ya gaya musu. Ke ce.