Ƙararrawar da Baba Zomo Bai Ji Ba

Zomo ake ce masa, saboda kunne. A da, ko allura ce ta faɗi a ɗakin haɗa sauti, sai ya gaya maka ta kai ta sauka ko ta gindi. Ya tsufa a ɗakin nan mai bangon soso, shi da tarkacensa: tsofaffin takalma, murfin tukunya, da wani ƙyaure da ba ya kai ka ko'ina. In ka ji takun jarumi a fim, ƙafar Baba Zomo ce. Takun jaruma kuwa na matarsa ne, a kan guntun katakon da ta sani kamar yunwar cikinta.

To, bara kunnen ya fara yi masa rowa. Manyan sauti yana ji. Siraran ne suka gudu, irin su ƙarar cokali a kofi. Daga shi sai matarsa suka sani, don mai haɗa sautin da ba ya ji, ko a kyauta wa zai ɗauka?

Wata safiya darakta ya zo sauraren sabon fim ɗinsa na soyayya da barkwanci. Aka kai wurin da saurayi ya taho da fure, yana ta yauƙi, santsi ya kwashe shi a gaban budurwa.

"Tsaya, Baba Zomo. Wannan ai ba dariya. Kamar ya karye."

"Gaskiyarka, Darakta. Ƙarar faɗuwa, tim, ita kaɗai ciwo ce. Bari a sa masa jela."

Ya ƙara murfin tukunya yana gangarawa, yana juyi, yana juyi, kafin ya kife. Darakta ya tuntsire da dariya. Baba Zomo ya sauke ajiyar zuciya.

"Saura abu ɗaya," in ji darakta. "Da ta sunkuyo, idonsu ya haɗu, kashe kiɗan. Sa min 'yar ƙararrawa, siririya, yadda mai kallo zai ji zuciyarsa ta motsa bai san dalili ba. Yanzu, ina zaune."

Baba Zomo ya juya ga teburinsa. Ya ɗora ƙararrawar a gurbinta, ya kunna. Ga ta a allon kwamfuta, amma a kunnensa shiru. Ya tura maɓalli sama. Shiru. Ya ƙara turawa, ya ƙara, sai can ya jiyo ta kamar daga ƙasan rijiya.

Darakta ya toshe kunnuwa. "Haba Baba! Soyayya muke ko tashi daga makaranta?"

"Gwaji nake."

Ya fara jan maɓallin baya, bai san inda zai tsaya ba. Sai ya ji tafin matarsa a kafaɗarsa, wai tana kakkaɓe masa ƙura. Ta danna, ya rage. Ta sake dannawa, ya sake ragewa. Da ta ɗage hannu, shi ma ya ɗage nasa.

Aka maimaita wurin. Kiɗa ya ɗauke, budurwa ta sunkuyo. Baba Zomo bai kalli allo ba, fuskar darakta ya tsura wa ido, har ya ga murmushi ya suɓuce masa.

Darakta ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ba su baya, ya daɗe a haka. Baba Zomo na mamakin me ya manta, sai ya ga matarsa ta sunkuyar da kai, bakinta ya motsa. Nan ya gane: magana aka yi masa ƙasa-ƙasa, ita ta amsa.

Darakta ya juyo, ya ɗaga murya.

"Tun bara, Baba, kuma ka ɓoye min?"

Baba Zomo ya dubi teburin kamar mai sallama da shi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji darakta, "kai kaɗai ba zan sake ba ka fim ba. In Mama za ta zauna kusa da kai, da kujerarta da sunanta a ƙarshen fim, sai mu ci gaba."

Ya fita. Matar ta jawo kujera ta zauna, ta gyara mayafi.

"To, Malam, ka ji?"

"Na ji."

"Yau dai," in ji ta. "Matsa can, ka tare min maɓalli."