Zauren Kakana da Buhunan Siminti

Ni mahauci ne, shekara talatin da ɗoriya ina fiɗa a mayankar garinmu, kan hanyar Garwa zuwa Marwa. Amma kakana magini ne. Shi ya gina zauren ƙofar gidanmu da jar ƙasa da azara, kuma duk garin babu sauran irinsa.

Wata shekara mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka auna zauren, suka kafa allo da Faransanci cewa ginin tarihi ne, hukuma za ta kula da shi. Wallahi na ji daɗi, har kilishi na aika musu.

Ana saura wata guda damina ta faɗi, na dawo daga mayanka na tarar da buhunan simintin masana'antar Figil jibge a ƙofar gida. Injiniyan meri na tsaye yana murmushi.

Ya ce, "Baba, mako mai zuwa za mu shafe shi ciki da waje, ya huta da ruwa har abada."

Na ce, "Har abada? Kai ɗana, ka taɓa ƙulle ɗanyen nama a leda ka ajiye a rana? To abin da za ka yi wa zauren nan ke nan. Bangon ƙasa yana shan danshi, yana fitar da shi. Ka toshe shi, ya ruɓe daga ciki."

Ya ce takarda ta riga ta fito, an sa hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce takardar ta zo ta shafa da kanta.

Kwana biyu ina zuwa meri da kayan aikina, na zauna kan benci da ƙarnin mayanka, har ma'aikatan ofis suka fara toshe hanci. A rana ta uku na kama hannun injiniyan nan, na ja shi katangar maƙwabcina da aka yi wa siminti shekarun baya. Na ƙwanƙwasa, ta amsa kamar fankon gora. Da izinin mai gida na sa bakin wuƙa na ɓamɓare. Falle guda ya faɗo, ƙasar ciki ta zubo jiƙe, ga gara fal.

Injiniyan ya tsuguna ya murza ƙasar. Yaron yana da hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Can ya ce, "To Baba, me ake sawa?"

Na ce, "Yaɓen ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa."

"Wa zai yi?"

Maginan ƙasa duk sun rasu, 'ya'yansu sun koma bulo. Ni kaina babana har roƙona ya yi in koya, na gudu mayanka. Kunya ta rufe ni, sai na ji na ce, "Ni zan yi."

Na je wurin Goggo, ƙanwar babana, wadda idonta ya tafi. Ita ke jiƙa wa kakana makuba tana budurwa. Ta yi dariya har da tari.

"Kai? Kai da ka ce laka na ɓata wando?"

Meri ta kwashe simintinta, ta kawo ƙasa, aka samo ɓawon ɗorawa wurin matan ƙauyukan kan dutse ranar kasuwa. Goggo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin zaure. Ina tattaka ƙasa duk da ciwon gwiwata, in kai mata dunƙule, ta matsa, ta sansana, ta jefar.

"Ba ta nuna ba. Koma, raggon banza!"

Kwana tara ana haka. Injiniya ma ya tuɓe takalmi ya shiga laka, yana fita yana rubuta duk abin da ta faɗa. Hannuna ya tsattsage, amma na rantse ruwa ba zai riga ni ba. Kuma bai riga ni ba.

Bayan ruwan farko na riƙo Goggo zuwa bango. Ta shafa shi daga ƙasa har inda hannunta ya kai.

Ta ce, "Yaɓen nan karkatacce ne. Da kakanka ya gani, da ka sha mari." Sai ta jingina goshinta da bangon, ta ja numfashi. "Amma ƙamshinsa ne. Baɗi ka ƙara ɗorawa."

Baɗin ba ta gan shi ba, Allah ya yi mata rasuwa. Na dai ƙara ɗorawar.