Ɗaya Gefen Kaset ɗin Inna

Wata Lahadi ce da la'asar, cikin Oktoban 1986, ina 'yar shekara goma sha biyu, na durƙusa gaban rediyon Baba mai haɗe da rikoda a flat ɗinmu, gidan hayar hukuma a wani dogon bene da ke Deptford. Ana irin ruwan nan na London da ba ya sauka da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Umma ta tafi aikinta na sharar ofisoshi a Marylebone, Baba yana masallacin Regent's Park wajen karatu. Mai gabatar da shiri ya ce zai sa sababbin waƙoƙi uku a jere na mawaƙan da nake mutuwar so, ni kuwa ba ni da kaset ko ɗaya da ba a ɗauki komai a kai ba. Na taka kujera na sauko da gwangwanin biskit daga kan firji, na zaro kaset ɗin kakata Inna, na juya ɗaya gefen, na danna maɓallin ɗauka.

Samari biyar ne daga wani gari na bakin teku da masana'antunsa suka mutu. Ramammu, gashi buzu-buzu, rigunan sanyi kamar na aro. Mai gitarsu ba ya ɗaga kai in yana kiɗa, mai waƙar kuma muryarsa a dishe take. Baba kan ce, "Wannan ba waƙa ba ce, kukan mai ciwon haƙori ne." Ni ko a jikina. A makaranta ni ce baƙar yarinya mai ɗankwali da ba a zaɓa in za a yi wasan igiya, mai cin abinci ita kaɗai a bayan ɗakin ajiye kekuna. Sai ga Turawa biyar suna waƙa a kan mutumin da ba a so a garin da aka haife shi. Wallahi na ɗauka ni suke nufi. Hotunansu a cikin ƙofar kabad nake liƙawa, don Baba ya hana hoto a bango, kuma da waƙarsu a baki nake wanke-wanke, nake sauka hawa bakwai da shara in lif ya lalace.

A lokacin wayar Najeriya ba ta talaka ba ce, Inna kuma ba ta karatun boko, don haka da kaset ake wasiƙa. Duk wanda zai taso daga Zariya sai a ba shi ya kawo. Mu zauna a falo mu ji gaisuwar dangi ɗaya bayan ɗaya, har da carar zakaran gidan. In an gama, a kan kaset ɗin nan dai muke ɗaukar amsa a mayar. Wannan na Inna mun ji shi tun sati uku da suka wuce, shi ya sa na ga ai ya gama aikinsa.

Abin da ban sani ba, gefen farko ne kawai na kowa da kowa. Ɗaya gefen na mata ne. Inna takan kori jama'a daga ɗaki, ta sa a rufe ƙofa, ta yi wa 'yarta magana ita kaɗai, Umma kuma ta saurara in babu kowa a gida. A shekarar nan Inna ta kwanta ciwo ta aiko Umma ta zo, Umma ba ta je ba, domin takardun zamanta ba su fito ba, in ta fita ba dawowa. A kaset ɗin da Umma ta aika ta roƙi uwarta ta yafe mata. Amsar ce a gefen da na juya. Sati uku Umma tana ɗauko shi tana mayarwa, tsoro ya hana ta ji.

Kwana tara bayan Lahadin nan aka bugo waya Inna ta rasu. Da aka yi sadakar uku, mata suka watse, Umma ta yi alwala ta shimfiɗa darduma, ta ajiye rikodar a gabanta. Ina bakin ƙofar kicin da faranti a hannu lokacin da ganga ta tashi, gita ta biyo baya. Umma ba ta kashe ba. Ta zauna ta ji waƙoƙin nan uku har ƙarshe, sannan aka ji ƙaras, sai muryar Inna a gajiye: "To shi ke nan abin da ke raina, Binta. Kin dai ji." Kaset ya ƙare.

Ta waiwayo ta ce, "Hadiza, ke ce?" Na buɗe baki, Turanci ya fito, don a lokacin ba ni da Hausar da zan ba da haƙuri da ita. Na so ta dake ni. Ba ta taɓa ni ba, ba ta kuma gaya wa Baba ba. Ta aika gida ana tambaya ko wani ya ji abin da Inna ta faɗa, aka ce ai ita kaɗai ce a ɗakin.

Kunyar faɗin wannan nake ji, amma ban daina son mawaƙan nan ba. Na bi su har faifansu na huɗu, wanda kowa ya kushe ni kuwa na fi so. Na gan su sau ɗaya ido da ido ina shekara goma sha tara, na yi kuka har wata Baturiya ta miƙo mini hankici. Da mai gitar ya fita suka watse a farkon shekarun casa'in, na yi baƙin ciki kamar an yi mini mutuwa.

Yanzu 'ya'yana saƙon murya suke turo mini ta waya, a ji a goge, waƙoƙin nan kuma duk inda ka nema ka samu. Umma kuwa har ta bar duniya duk Juma'a sai ta sa kaset ɗin. Ba ta yarda a tura shi gaba, wai kada rikoda ta cinye zaren, saboda haka sai ta zauna ta ji waƙoƙin duka kafin ta kai ga uwarta. A haka ta haddace su, ba tare da ta san me suke cewa ba. Nakan ji ta a kicin tana tuƙa tuwo tana rera ta biyun a hankali, daidai yadda mai disasshiyar muryar yake jan ta. Da tana jinyar ƙarshe na tattara Hausata na roƙe ta ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, sannan ta sa na matso da kunnena ta maimaita har sau uku, ta tambaye ni ko na ji sosai. Ni dai na ji tawa amsar.