Kalmar da Ta Kwantar da Kakana

A lokacin ina zaune a Hunkuyi, na daɗe a ɗakin mijina ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Kakannina na wajen uwa, a Malikanchi, su suka raine ni, domin mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, sanadin wani ƙari da aka gano a cikinta. Kakana bai taɓa yi mini zancen haihuwa ba. In na je gida sai dai ya tsokane ni, in zan tafi kuma ya dafa kaina ya daɗe yana addu'a.

Da Allah ya kawo rabo aka tabbatar mini a asibiti, maigidana ya ce mu shirya mu je mu gaya musu da baki. Na ƙi. Ta yaya zan dubi idon tsofaffin da suka raine ni in faɗi wannan magana? Sai na kira wayar kakata na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi awaki, na tambayi yabanya, daga ƙarshe na ce mun je asibiti an yi hoto, an ce akwai abu a cikin. Sai ta ce Allah ya sawwaƙe. Ni kuwa na kashe waya ina murmushi, na ɗauka ita ma kara take yi mini. Ban tuna cewa mai juna biyu Allah ya raba lafiya ake ce mata ba. Ban kuma san da waɗannan kalmomin aka kawo musu labarin cutar mahaifiyata ba.

Bayan 'yan kwanaki matar kawuna ta kira, ta ce Malam, wato kakana, ya daina cin abinci, ko masallacin ƙofar gida ba ya iya fita, an kai shi asibiti a Ikara an ce jininsa ya hau. Ta tambaye ni a hankali yaushe za a yi mini aikin. Nan na gane ciwo suka ɗauka, na kama hanyar Malikanchi. Hanyar nan na yi ta da salati a bakina, ina roƙon Allah kada ya ɗauke shi da wannan baƙin cikin.

Na same shi kwance a kan tabarma, ya zabge. Kusa da shi ga kwano cike da rubutun da ya lallaɓa ya yi mini. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa ƙaruwa ce muke sa rai. Kunnensa ya yi nauyi, ya ce me ya ƙaru, ciwon? Na maimaita, bai ji ba. Kakata ta riga ta gane, tana share hawaye da bakin zane, ta ce ja'ira, tunda bakinki ne ya ƙulla, shi zai warware. Haka na ɗaga murya na ce ciki gare ni, har matan maƙwabta suka jiyo ta katanga.

Sai kakana ya ce a tashe shi zaune. Ya yi hamdala, ya ce ashe kishiyar lafiyarsa na je na samo, kuma daga yau ya fasa aurena tunda ban iya magana ba. Sai ya tambaya ko akwai sauran fura. Ina kallonsa ya shanye kwano guda. Allah ya ja kwanansa, shi ya yi wa jaririyar huɗuba.

Kunya ado ce, ban musa ba, kuma ita aka koya mana. Amma 'yan uwana mata, tsoho ba da kunnensa kaɗai yake ji ba, yana ji da duk abin da ya taɓa binnewa. In za ku kai wa tsofaffinku albishir, ku taka ku je, ku faɗa a fili, kuma ku saurari addu'ar da za su mayar muku kafin ku tashi.